Rajistar Masu Zaɓe a Amurka: Wa Ke Riƙe da Kundin, Kuma Yaya Ake Tantance Suna?

Da zarar zaɓen Amurka ya ƙarato sai koke iri biyu su tashi. Wasu su ce kundin rajista cike yake da matattu da baƙin haure, wasu kuma su ce sun je rumfar zaɓe sun tarar an share sunansu ba gaira ba dalili. Kowane koke akwai inda ya samo asali, kuma duka biyun suna komawa ne ga yadda ake riƙe da kundin. Ga tambayoyin da aka fi yi, musamman daga mazauna can da masu 'ya'ya ko 'yan'uwa a can.

Wace hukuma ce ke yi wa Amurkawa rajista, kamar yadda INEC ke yi a Najeriya?

Babu irin wannan hukuma. Amurka ba ta da kundin rajista na ƙasa baki ɗaya, ba ta da katin zaɓe guda da kowa ke riƙewa. Kundin tsarin mulki ya bar wa jihohi tsara zaɓe, majalisar dokokin tarayya kuma tana da ikon gindaya wasu sharuɗɗa a kan zaɓen kujerun tarayya. Saboda haka kowace jiha da nata kundin. A yawancin jihohi babban jami'in zaɓe shi ne sakataren jiha, wanda galibi shi ma ɗan siyasa ne da aka zaɓa a ƙarƙashin jam'iyya. Aikin yau da kullum kuwa, wato karɓar fom da shigar da suna da cirewa, yana hannun ofisoshin gundumomi da garuruwa, kuma sun kai dubbai. A jihar Wiskonsin kaɗai akwai magatakardan garuruwa kusan 1,850 da ke wannan aiki, wasunsu ma ba shi ne aikinsu na cikakken lokaci ba. Gundumar Los Anjelis kuma ita kaɗai tana da masu rajista sama da miliyan 5.

Jiha ɗaya ce ta fita zakka: Dakota ta Arewa ta soke rajista tun 1951. A can mutum katin shaida kawai yake nunawa ya jefa ƙuri'arsa.

To mene ne wannan kundin jiha guda ɗaya da ake magana?

Ya samo asali ne daga rikicin zaɓen shekarar 2000, lokacin da George W. Bush ya ɗara Al Gore da ƙuri'a 537 kacal a Fulorida, har sai da kotun ƙoli ta shiga tsakani. Kowa ya tuna da takardun ƙuri'ar da injin bai huda da kyau ba, amma binciken da ya biyo baya ya nuna ɓarnar da matsalar rajista ta yi ba kaɗan ba ce. A lokacin, a jihohi da yawa kowace gunduma da nata jerin sunaye, kuma wannan ba ta san abin da ke hannun waccan ba. Mutum ya tashi daga wata gunduma zuwa maƙwabciyarta, sai sunansa ya zama biyu, ko ya ɓace a tsakani.

A watan Oktoban 2002 Bush ya sa hannu a dokar da ake kira HAVA. Dokar ta wajabta wa kowace jiha mai rajista ta kafa kundi guda ɗaya a kwamfuta, na hukuma, wanda ke ɗauke da sunan duk mai rajista a jihar, kowa da lambarsa ta daban, kuma kowane jami'in zaɓe na gunduma zai iya shiga nan take. An sa wa'adin farkon 2004, aka ba da damar ɗagawa zuwa 1 ga Janairun 2006, kuma yawancin jihohi sun nemi ɗagin. Duk da haka wasu ba su cika ba. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta kai jihar Niyok kotu a 2006 saboda jan ƙafa, Kalifoniya kuwa sai 2016 cikakken tsarinta mai suna VoteCal ya kankama.

Tsarin iri biyu ne. A wasu jihohin kwamfutar jiha ce uwa, gundumomi suna shiga cikinta su yi aiki kai tsaye. A wasu kuma kowace gunduma na riƙe da nata rumbun, sai ta riƙa tura bayanai sama lokaci-lokaci. Na biyun ya fi barin giɓi, don abin da aka gyara yau a gunduma ba lallai ne ya bayyana a sama yau ba.

Wa ya cancanci yin rajista?

Ɗan ƙasar Amurka, wanda zai cika shekara 18 zuwa ranar zaɓe, kuma mazaunin jihar. Shekara 18 ɗin ta zo ne da gyaran tsarin mulki na 26 a 1971. Wasu jihohi, kamar Kalifoniya da Kolorado, suna bari ɗan shekara 16 ya ajiye sunansa tun da wuri, ya jira ya cika.

Inda aka fi bambanta shi ne a kan wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi. A jihohin Men da Bamont da birnin Washinton ko fursuna yana zaɓe daga gidan yari. A jihohi da dama haƙƙin na dawowa da zarar an sake shi. A Fulorida jama'a sun kaɗa ƙuri'a a 2018 suka amince a maido wa mafi yawan tsoffin fursunoni haƙƙinsu, sai majalisar jihar ta yi doka a 2019 cewa sai mutum ya biya tara da kuɗaɗen da kotu ta ɗora masa tukuna.

Idan na cika fom na miƙa, me ake yi da shi?

A saman fom ɗin rajista na gwamnatin tarayya akwai tambayoyi biyu, kowace da akwatin e ko a'a: kai ɗan ƙasar Amurka ne? Za ka cika 18 zuwa ranar zaɓe? A ƙasa kuma ka sa hannu, wanda a doka rantsuwa ce, kuma ƙarya a cikinta laifi ne mai kai mutum gidan yari. A tsakiya ana neman lambar lasisin tuƙi. Wanda ba shi da lasisi sai ya ba da lambobi huɗu na ƙarshe na lambar soshiyal, wato lambar da gwamnatin tarayya ke ba mutum don aiki da haraji da fansho. Wanda ba shi da ko ɗaya, jiha ce za ta yanka masa lamba.

Daga nan kwamfuta ta ɗauka. Ana gwada suna da ranar haihuwa da lambar da abin da ke rumbun ofishin lasisin tuƙi na jihar, ko kuma a tura wa hukumar soshiyal ta tarayya ta duba. Idan sun dace, suna ya shiga, a aiko maka da kati ta gidan waya mai ɗauke da rumfar zaɓenka. Katin nan ma gwaji ne a fakaice: in ya dawo ofis da tambarin ba a samu mai shi ba, an san akwai matsala a adireshin.

Ba a ɗaukar hoton yatsa ko na fuska kamar yadda muka saba gani wajen karɓar katin zaɓe a Najeriya ko Gana. Rantsuwa ce da gwada takarda da takarda.

Sunana a fasfo daban, a lasisi daban. Zai iya jawo mini matsala?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ta fi shafar masu irin sunayenmu. A ce a lasisi an rubuta Mohammed, a katin soshiyal Muhammad, kai kuma da hannunka ka rubuta Muhammed a fom. Ko sunan Abdul-Aziz ne, nan da ɗan layi a tsakiya, can a haɗe, wani wurin kuma an mayar da Abdul sunan farko, Aziz na tsakiya. Ga wanda ya taso a Nijar ko Kamaru da rubutun Faransanci: Aboubacar a takardar haihuwa, Abubakar a bakin kowa. Ga matar da ta ɗauki sunan miji a wata takarda ta bar na mahaifi a wata. Mutum in ya gani ya san duk abu ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. Wani lokacin ma laifin ba naka ba ne, ma'aikacin da ke kwafe fom ɗin ne yatsansa ya zame.

Dokar tarayya ba ta ce a ƙi yi wa mutum rajista don an samu saɓani ba, amma jihohi sun sha bamban wajen tsanani. Jojiya ta taɓa bin tsarin sai harafi ya dace da harafi. A watan Oktoban 2018, ana dab da zaɓen gwamna, aka gano fom kusan 53,000 a jingine, kusan kashi 70 cikin ɗari na baƙar fata ne. Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne Brian Kemp, sakataren jihar da kundin ke hannunsa, shi ne kuma ɗan takarar gwamna da ke karawa da Stacey Abrams. Waɗanda aka jingine suna iya zaɓe in sun nuna katin shaida mai hoto, amma mutum nawa ne suka san haka? A 2019 jihar ta sassauta dokar.

Dabarar ba ta da wuya: ka ajiye lasisinka a gabanka, ka kwafe sunan yadda yake a jiki, ko da kai ba haka kake son rubuta shi ba.

Ana neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa?

A yawancin jihohi a'a, rantsuwar ce da binciken rumbunan gwamnati. Arizona ta fara neman takarda bayan ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2004. A 2013 kotun ƙoli ta ce jihar ba za ta ƙi karɓar fom ɗin tarayya ba don babu takarda, shi ya sa yanzu take da masu zaɓe aji biyu: wanda ya nuna takarda ya zaɓi kowa, wanda bai nuna ba ya tsaya a kujerun tarayya.

Kansas ta gwada nata tun daga 2013 a ƙarƙashin sakataren jiha Kris Kobach. Dokar ta tare rajistar mutum sama da 30,000. Da aka je kotu, shaidun da aka gabatar sun nuna baƙi 39 ne suka samu shiga kundin a tsawon sama da shekara goma kafin dokar. Alƙaliya Julie Robinson ta soke ta a 2018. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Har yanzu dai maganar ba ta mutu ba, don majalisar wakilai ta tarayya ta amince da ƙudurin neman takarda a duk ƙasar a 2024, ta sake amincewa a watan Afrilun 2025.

Ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin. Na je sabunta lasisi aka tambaye ni ko ina son rajistar zaɓe. In amsa?

Kada ka kuskura. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan.

Tun dokar rajista ta 1993, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu, wajibi ne ofisoshin lasisin tuƙi su yi wa mutane tayin rajista. Ma'aikacin da ke bayan kanta yana yi wa ɗaruruwan mutane tambayar nan a rana, bai duba matsayinka ba, kuma ba lauya ba ne. Layi ya yi tsawo, ɗan allon da ke gabanka yana ta kawo tambayoyi da Turanci, kana ta danna e, e, e don ka gama ka koma wurin aiki. Ɗaya daga cikin e ɗin nan ita ce ta "ni ɗan ƙasa ne". Haka ma matasan da ke tsayawa da fom a bakin kasuwa ko tashar jirgin ƙasa, su yawan fom suke nema.

Wata dokar tarayya ta 1996 ta mayar da zaɓen baƙo a kujerun tarayya laifi mai ɗaurin da ya kai shekara ɗaya. Amma ba ɗaurin ne abin tsoro ba. Da'awar zama ɗan ƙasa ta ƙarya, ko jefa ƙuri'a ba bisa ƙa'ida ba, dalili ne na korar mutum daga ƙasar, ko da ya shekara ashirin yana biyan haraji. Kuma abin yana jiran mutum a gaba: fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ƙarara ko ka taɓa rajista ko ka taɓa zaɓe, sunanka kuma yana nan a kundin jiha da ranar da aka shigar. "Ai su suka ce in cika" ba kasafai take fitar da mutum ba.

Kuskure daga ɓangaren hukuma ma yana faruwa. Oregon, jihar da ta fara yi wa mutane rajista kai tsaye daga ofishin lasisi a 2016, ta gano a 2024 cewa an tura sunayen mutum sama da 1,200 da ba su nuna shaidar zama 'yan ƙasa ba. Idan katin rajista ya zo maka alhali ba ka cancanta ba, kada ka yi zaɓe da shi, kada kuma ka jefar ka manta. Ka nemi lauyan shige da fice, a rubuta takardar cire suna, ka adana kwafi.

Akwai garuruwa ƙalilan da ke bari baƙi su zaɓi shugabannin gari kawai, kamar Takoma Park a Merilan. Birnin Niyok ya yi irin wannan doka a 2021, amma ba a taɓa aiki da ita ba, kuma babbar kotun jihar ta soke ta a watan Maris na 2025. Mazauna unguwannin Bronks da Halem na birnin da suka ji labarin farko ba su ji na biyu ba, su kiyaye.

Baƙi da yawa ne ke zaɓe ke nan?

Duk inda aka zauna aka ƙirga, adadin kan fito ƙarami. Sakataren jihar Jojiya, Brad Raffensperger, ɗan Rifoblikan, ya binciki kundin jiharsa a 2024 ya samu baƙi 20 cikin masu rajista miliyan 8.2.

Na karɓi lasisi ina da girin kad, daga baya na zama ɗan ƙasa. Akwai abin da ya kamata in yi?

Akwai. Rumbun ofishin lasisi yana nan yana kallonka a matsayin baƙo har ranar da ka je ka gyara. Abin da ya faru a Teksas ke nan a watan Janairun 2019: sakataren jiha David Whitley ya fitar da jerin mutum kusan 95,000 da ya ce ana zargin baƙi ne a kundin zaɓe. Cikin 'yan kwanaki aka gane dubun-dubatarsu mutane ne da suka riga suka yi rantsuwar zama 'yan ƙasa bayan sun karɓi lasisi. Aka je kotu, jihar ta janye shirin, Whitley ya bar kujerarsa a watan Mayu.

Bayan bikin rantsuwa, ka ɗauki takardar shaidar ka kai ofishin lasisi da ofishin soshiyal su sabunta bayananka. Jihohi da dama suna kuma duba rumbun hukumar shige da fice mai suna SAVE, amma gara kowane rumbu ya faɗi magana ɗaya a kanka.

Gaskiya ne akwai matattu a kundin?

Gaskiya ne. Wani rahoton cibiyar Pew na 2012 ya ƙiyasta matattu sama da miliyan 1.8 a kundayen jihohi, mutum kusan miliyan 2.75 masu rajista a jiha fiye da ɗaya, da rajista kusan miliyan 24 masu kuskure ko waɗanda suka daina aiki. Amma suna a kundi daban, ƙuri'a a akwati daban. Wanda ya rasu ba ya zuwa ya cire sunansa, iyalinsa kuma suna cikin makoki, ofishin zaɓe ba ya cikin tunaninsu. Sai bayanin mutuwa ya zo daga ma'aikatar lafiya ta jiha ko daga jerin mamata na hukumar soshiyal, sannan a cire. In mutum ya rasu a wata jiha ko a ƙasar waje, labarin kan daɗe bai iso ba. Dattijon da ya koma gida Zariya ko Kumasi ya rasu a can, sunansa zai iya shekaru a kundin Ohayo ba wanda ya taɓa shi.

Na tashi daga wata jiha zuwa wata. Tsohuwar rajistar fa?

Rajista ba ta bin mutum. Sai ka yi sabuwa a inda ka koma, kuma akwai gurbi a fom da ake rubuta tsohon adireshi don a sanar da can. Suna a jiha biyu ba laifi ba ne, zaɓe sau biyu ne laifi.

Jihohi sun yi ƙoƙarin haɗa kai a kan wannan. Kansas ta jagoranci wani shiri tun 2005 da ke gwada suna da ranar haihuwa tsakanin jihohi. Matsalarsa a fili take: a ƙasa mai mutum sama da miliyan 300, masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya ba su ƙirguwa. Ka tuna kuma da 'yan gudun hijira da baƙin da aka rubuta wa 1 ga Janairu don ba su da takardar haihuwa. An dakatar da shirin a 2019.

Wanda ya fi shi inganci shi ne ERIC, wanda jihohi bakwai suka kafa a 2012. Shi yana haɗa bayanan rajista da na lasisi da na gidan waya da na mamata, kuma yana gaya wa jihohi waɗanda suka cancanta amma ba su yi rajista ba. Mambobinsa sun taɓa haura jiha 30. Sai siyasa ta shigo: Luwiziyana ta fice a 2022, a 2023 kuma Alabama da Fulorida da Ohayo da Teksas da wasu jihohin da 'yan Rifoblikan ke mulki suka bi ta. A ganina wannan asara ce ga kowa, har da masu kukan a tsaftace kundi, don rumbun haɗin gwiwa amfaninsa yawan waɗanda ke ciki.

Za a iya cire ni don na daɗe ban yi zaɓe ba?

Ba don wannan kaɗai ba. Dokar 1993 ta ce in ana zaton ka tashi, sai an aiko maka da kati ta gidan waya, wanda aka riga aka biya kuɗin maido shi. In ba ka amsa ba, a sa ka a jerin marasa motsi, amma kana iya zaɓe. Sai manyan zaɓukan tarayya biyu sun wuce ba ka fito ba sannan a cire ka. An kuma hana sharar sunaye ta bai-ɗaya a cikin kwana 90 kafin zaɓen tarayya.

Ohayo tana aika katin ne ga duk wanda ya shekara biyu bai yi zaɓe ba, in ya yi shiru ya ƙara shekara huɗu, ta cire shi. Kotun ƙoli ta amince da hakan a 2018, alƙalai biyar da huɗu. Katin kuwa ɗan ƙarami ne, yana zuwa a tsakiyar takardun talla, da yawa kwandon shara yake tafiya.

Akwai kuma cirewa ta ganganci. Kafin zaɓen fid da gwani na 2016 an share sunaye sama da 100,000 a Buruklin, wani yanki na birnin Niyok, ba bisa ƙa'ida ba, daga baya hukumar zaɓen birnin Niyok ta amsa laifi a kotu.

Na je rumfa an ce babu sunana. Shi ke nan?

A'a. Ka nemi ƙuri'ar wucin gadi, haƙƙinka ne a dokar HAVA ta 2002. Za ka sa hannu cewa ka yi rajista kuma ka cancanta, a sa ƙuri'ar a ambulan daban, bayan zaɓe a bincika. Dole ne kuma a ba ka lambar waya ko shafin intanet da za ka duba ko an ƙirga ta, in ba a ƙirga ba a faɗi dalili. Kafin ka karɓa dai ka tambaya ko rumfar ce ka ɓata, don a wasu jihohin ƙuri'ar da aka jefa a rumfar da ba taka ba ba a ƙirga ta. A jihohi kusan ashirin, ciki har da Minesota da Wiskonsin da Mishigan, ana iya yin rajista a ranar zaɓen kanta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan kowace jiha tana da shafin da za ka sa suna da ranar haihuwa ka ga matsayinka. Ka duba da saura wata biyu, tunda wasu jihohin suna rufe rajista kwana 30 kafin zaɓe.

Wa ke iya ganin bayanaina?

Fiye da yadda kake zato. A yawancin jihohi jam'iyyu da 'yan takara suna iya sayen kundin: suna, adireshi, jam'iyyar da ka yi rajista da ita, da zaɓukan da ka fito. Wanda ka zaɓa ne kawai ba a sani ba. Lambar lasisi da ta soshiyal ba a bayarwa, kuma akwai shirin ɓoye adireshi ga wanda ke gudun mai cutar da shi.

Tara komai a wuri ɗaya yana da nasa haɗarin. A 2016 jami'an leƙen asirin sojan Rasha sun yi kutse a rumbun rajistar jihar Ilinoi suka kwashi bayanan dubban ɗaruruwan mutane. Ba a samu shaidar sun canza wani abu ba, amma daga watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta sa kayan zaɓe cikin muhimman kadarorin ƙasa da ake ba kariya ta musamman.

Ɗana an haife shi a Amurka amma a Kano ya girma. Zai iya zaɓe daga nan?

In ya cika 18 kuma yana da fasfonsa, akwai hanya. Dokar 1986 ta ba Amurkawa mazauna ƙetare damar zaɓen kujerun tarayya, kuma fom guda ne ke yin rajista da neman takardar ƙuri'a a lokaci ɗaya. Ana cika shi ta intanet ko a karɓa a ofishin jakadanci a Abuja, Legas, Yamai ko Akara. Adireshin da zai sa shi ne na ƙarshe da ya zauna a Amurka, ko da jariri ne a lokacin, ko da gidan yanzu wasu ne a ciki. Wanda ya gaji zama ɗan ƙasa daga iyaye bai taɓa zama a can ba, jihohi da dama suna bari ya yi amfani da tsohon adireshin iyayensa, wasu kuma ba sa bari.

Ba a jefa ƙuri'a a ofishin jakadanci. Gundumar da ya yi rajista ce za ta aiko masa da takardar, kuma tun dokar 2009 wajibi ne a aika ta aƙalla kwana 45 kafin zaɓe, ta imel in ya nemi haka. Sai ya buga, ya cika, ya mayar. Ya riƙa sake aika fom ɗin a farkon kowace shekarar zaɓe, domin jihohi da yawa ba sa ci gaba da aiko da ƙuri'a a kan tsohon fom.